Yadda Ake Gane Fim ɗin da Ya Riƙe Amanar Littafin Bincike

Duk wanda ya taɓa karanta littafi sannan ya kalli fim ɗinsa ya san gardamar da ke biyo baya. Wannan ya ce an ɓata labarin, wancan ya ce ai fim ɗin ma ya fi daɗi, a yi ta ja har shayi ya huce. Abin da ke hana gardamar ƙarewa shi ne kowa da mudun da yake awo da shi. Wani sunayen da aka sauya yake ƙirgawa, wani kuwa gashin bakin jarumi ne ya tsaya masa a rai.

Labarin bincike yana da nasa mudun daban, don kokawa ce tsakanin marubuci da mai karatu. Marubuci ya zube maka alamu a gabanka, ya rufe maka ido da wasu na ɓad da sawu, ya ce to gano mai kisan kafin in faɗa maka. A 1929 wani malamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yake rubuta irin waɗannan labarai, ya jera musu dokoki goma. Ɗaya daga ciki ita ce mai bincike ba zai tsinci wata alama ya ɓoye wa mai karatu ba. Saboda haka in ka zo auna fim, kada ka fara da tambayar ko an kwafi kowane shafi. Fara da tambayar ko an bar wa mai kallo damar da aka bai wa mai karatu, sannan ko hukuncin ƙarshe ya tsaya inda marubuci ya aje shi.

Gargaɗi tun da wuri: zan tona ƙarshen labarai biyu na Agatha Christie, wato Murder on the Orient Express da And Then There Were None. Wanda bai karanta Murder on the Orient Express ba, kuma yana son a ba shi mamaki, ya dakata a nan ya je ya karanta ya dawo.

Mataki na farko: zaɓi littafin da aka yi wa fim fiye da biyu

Da fim ɗaya ba ka iya rarrabe sauyin da ya zama dole da wanda darakta ya yi don son ransa. In kana da uku, ka ga dukansu sun yanke wani wuri, to ka san wurin ne ba ya ɗaukuwa a kyamara. In ɗaya ne kaɗai ya yanke, zaɓinsa ne, kuma shi za a tuhuma.

Murder on the Orient Express ya dace da mai koyo. Ya fito a 1934, ba shi da kauri, kuma kusan komai a cikin jirgin ƙasa ɗaya ya faru. Ka nemi fim ɗin Sidney Lumet na 1974 wanda Albert Finney ya fito a matsayin mai bincike Hercule Poirot, da na talabijin na 2010 daga shirin tashar ITV mai dogon zango wanda David Suchet ya ja a matsayin Poirot daga 1989 zuwa 2013, da na Kenneth Branagh na 2017 wanda shi da kansa ya fito a matsayin Poirot. Akwai wani na talabijin ɗin Amurka na 2001 da aka dawo da labarin zamanin kwamfuta. Ka aje shi sai ka ƙware.

Mataki na biyu: wanke kanka daga finafinan da ka riga ka gani

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Sau da yawa abin da muke kira littafi, wani tsohon fim ne ya zauna mana a ka. Dubi shahararren mai bincike Sherlock Holmes. Maganar nan da kowa ke jingina masa, wadda yake ce wa abokinsa Watson ai wannan abu ne mai sauƙi, ba ta zo da wannan lafazin ba ko sau ɗaya a labarai 60 da Arthur Conan Doyle ya rubuta. Hular nan mai baki gaba da baya, mai zane Sidney Paget ne ya ɗora masa a mujallar Strand. Lanƙwasasshen lofen kuma daga dandalin wasan kwaikwayo ya samo asali, wurin ɗan wasa William Gillette. Shi ma Watson, da yawa sun ɗauka wani sakarai ne mai yawan ruɗewa saboda yadda Nigel Bruce ya fito da shi a finafinai 14 da suka yi da Basil Rathbone, mai fitowa a matsayin Holmes, daga 1939 zuwa 1946. A littafi kuwa likitan soja ne da ya yi yaƙi a Afganistan, mutum mai natsuwa da ake damƙa wa aiki.

Saboda haka ko ka taɓa karanta littafin shekarun baya, sake karanta shi yanzu. Kada ka dogara da abin da ka tuna.

Mataki na uku: karanta da biro a hannu

Samu littafin rubutu na 'yan makaranta ka ware shafi huɗu. Nan ne aikin yake, kuma in ka yi shi da kyau sauran duk gangara ce.

A shafin farko rubuta mutane. Kowane suna da abu uku a gefensa: abin da ya ce shi ne, abin da yake a gaskiya, da amfaninsa a cikin dabarar. Misali, Ratchett ya ce shi attajiri ne Ba'amurke, a gaskiya Cassetti ne wanda ya sace ƙaramar yarinya Daisy Armstrong ya kashe ta, amfaninsa kuma shi ne gawar. Mrs Hubbard, mai surutun nan da ba ta da zance sai na 'yarta, kakar yarinyar ce, tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo. Dakta Constantine, likita ɗan Girka, ba shi da hannu a kisan, kuma amfaninsa ke nan: shi ne idon da ba ya ƙarya, wanda ya duba gawar ya ce saran wuƙa 12 ne, wasu masu zurfi wasu sama-sama, wasu da hannun dama wasu da hagu. Ja layi a ƙarƙashin wannan ginshiƙi na uku, don da shi za ka kama fim in ya haɗe mutum biyu ko ya cire ɗaya.

A shafi na biyu rubuta lokaci. Labarin ya buɗe da asuba a tashar jirgin Halab ta Siriya, Poirot ya isa Istanbul, waya ta kira shi Landan, abokinsa Bouc na kamfanin taragon kwana ya samar masa gado. Ratchett ya yi masa tayin dala 20,000 don ya tsare shi, Poirot ya ƙi, ya ce fuskarsa ce ba ta yi masa ba. A dare na biyu dusar ƙanƙara ta tsare jirgin tsakanin Vinkovci da Brod a tsohuwar Yugoslabiya. Ƙarfe ɗaya saura minti 23 Poirot ya ji ƙara daga ɗakin Ratchett, sannan wata murya ta amsa wa ma'aikacin tarago da Faransanci cewa ba komai. Agogon aljihun mamacin an same shi a fashe, ya tsaya a ƙarfe ɗaya da kwata. Kisan kansa kuwa sai wajen ƙarfe biyu aka yi shi.

Shafi na uku na alamu ne, kuma ka raba shi gida biyu. A dama sa na gaskiya: guntun wasiƙar da aka ƙona wadda sunan Daisy Armstrong ya rage a jikinta; muryar Faransanci alhali Ratchett ba ya jin harshen; ɗigon maiƙo a fasfon Countess Andrenyi wanda ya mayar da Helena ya koma Elena; hankici mai harafin H wanda a rubutun Rasha N ne, na Gimbiya Natalia Dragomiroff; da ƙaryar Mrs Hubbard cewa jakar sosonta ta rufe sakatar ƙofa, alhali a ɗaki irin nata sakatar tana can sama da mariƙin ƙofar. A hagu sa na ɓad da sawu: jar rigar barci da aka ga wata ta wuce da ita, kakin ma'aikacin tarago da maɓallinsa ɗaya ya cire, tsinken sakace lofe, da agogon nan. Kowace alama rubuta babin da ta fara bayyana.

Shafi na huɗu gajere ne amma shi ne mafi nauyi: hukunci. Wa ya yi, don me, wa ya yanke shawarar abin da za a yi da su, kuma da wane irin rai? A littafin, kotun Amurka ta saki Cassetti saboda dukiyarsa da wata kafa ta shari'a. Mutum 12 masu alaƙa da gidan Armstrong suka naɗa kansu madadin mutum 12 ɗin nan da ke zama a kotun Turawa su ce mai laifi ne ko a'a, kowa ya soka sau ɗaya. Poirot ya kawo bayani biyu: ko dai wani baƙo ne ya shigo ya yi kisan ya gudu, ko kuwa su duka ne. Bai zaɓa da kansa ba. Bouc ne ya ce a bai wa 'yan sanda na farko, likita ya goyi baya, Poirot ya ce shi dai ya gama nasa, ya janye. Babu kuka, babu faɗa, babu wani dogon tunani. Rubuta wannan sarai, don za ka buƙace shi.

Mataki na huɗu: kalli kowane fim sau biyu

Kallon farko ka aje biro ka ji daɗinka. Kallo na biyu ka buɗe shafukan nan huɗu, ɗan yatsanka na kan maɓallin tsayarwa, duk abin da ya saɓa ka rubuta shi da mintin da ya faru. Bi su bisa shekarunsu, don na baya yakan yi wani abu ne kawai saboda kada a ce ya kwaikwayi na gabansa.

Abu ɗaya da ya shafe mu nan gida: kada ka yi wannan aikin da fim mai fassarar Hausa. Mai fassara yakan ƙara nasa gishirin, ya taƙaita dogon zance, wani lokaci ya yi ba'a a daidai inda aka binne alama. Ka ga batun muryar Faransanci, in an juye kowa zuwa Hausa ai alamar ta mutu, kuma sai ka ɗora wa darakta laifin da ba nasa ba. Nemi na asali mai rubutu a ƙasan allo.

Mataki na biyar: zuba sauye-sauyen a kwando uku

Yanzu kana da dogon jerin bambance-bambance. In ka tsaya ƙirga su kawai, ka yi aikin banza, domin sauyi goma na iya zama ba komai, guda ɗaya kuma ya rushe gida. Ni kwando uku nake ajewa: na riga, na ƙashi, da na zuciya.

Sauyin riga shi ne wanda bai taɓa dabarar ba. A fim ɗin 1974 Bouc ya koma Bianchi, baran Ratchett mai suna Masterman ya koma Beddoes. A na 2017 Greta Ohlsson 'yar Suwidin ta koma Pilar Estravados, sunan da aka aro daga wani littafin Christie, Foscarelli ya koma Marquez, an buɗe fim ɗin a Ƙudus maimakon Halab. Duk waɗannan ka rubuta su ka wuce. Haka ma gashin bakin Branagh da aka yi ta cece-kuce a kansa.

Sauyin ƙashi shi ne wanda ya taɓa yadda ake warware kacici-kacicin, kuma nan za ka daɗe. Lumet ya buɗe fim ɗinsa da waiwayen sace Daisy, da hotunan jaridu, tun kafin a ga jirgi. A littafi ba ka jin sunan Armstrong sai bayan an ga gawa. Sauyi ne na gaske, amma alheri ya yi wa mai kallo: ya ba shi makami da wuri, bai ƙwace masa komai ba. Sannan ya bi tsarin littafin na kiran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyin da aka yi wa Ingrid Bergman, wadda ta fito a matsayin Greta Ohlsson, an ɗauke su a tashi ɗaya na kusan minti biyar, kuma rawar ce ta ba ta kyautar Oscar.

Na 2010 kuwa ya cire Hardman, ɗan binciken nan Ba'amurke, ya cike gurbinsa da Dakta Constantine, wato likitan ya shiga cikin masu kisan. Koma ginshiƙinka na uku ka gani. Idon da ba ya ƙarya ya zama mai laifi, saboda haka duk abin da ya faɗa game da gawar ya zama abin tuhuma. Na 2017 ya yi makamancin haka ta wata hanyar, ya haɗe likitan da Kanar Arbuthnot, ɗaya daga masu kisan, suka zama mutum ɗaya. Wannan ya fi sauya sunaye ashirin nauyi. Branagh ya kuma ƙara abubuwan da babu su: zaftarewar ƙanƙara da ta goce da kan jirgin daga layi, tsere a kan gadar katako, wuƙa a bayan Mrs Hubbard, harsashi a jikin Poirot. Ƙarin kansa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me aka ture don a samar masa wuri, domin kowane minti na tsere daga kason tambayoyi aka ciro shi. Ɗauki shafinka na uku ka bi alamun ɗaya-ɗaya: wacce aka nuna a kan kari, wacce aka ambata a guje, wacce ba ka ji ta ba sai a bakin Poirot a ƙarshe? Alamar da ta fito a jawabin ƙarshe kaɗai, ka lissafa ta cikin waɗanda aka sace wa mai kallo.

Sauyin zuciya shi ne wanda ya juya ma'anar labarin ko da an bar mai kisan yadda yake. Duka finafinan uku sun bar mutum 12 da wuƙa ɗaya, amma dubi yadda suka rufe. Na 1974 ya ƙare da fasinjoji suna gaisa juna da kofuna cikin annashuwa, abin da bai yi nisa da sauƙin ran littafin ba. Na 2010 ya fara da wani hafsan soja da ya harbe kansa a gaban Poirot, da wata mata da aka jefe a titin Istanbul, duk don a shirya tambayar ko mutum na da ikon ɗaukar doka a hannunsa. Poirot ɗin Suchet ya daka wa fasinjojin tsawa, ya kwana yana fama da imaninsa na Katolika, da ya yi wa 'yan sanda ƙaryar kuma ya juya yana tafiya da carbi a hannu, ido cike da ƙwalla. Na 2017 ya jera su a dogon tebur a bakin kogon da jirgi ke ratsawa, Poirot ya aje bindiga ya ce sai dai su kashe shi, Mrs Hubbard ta ɗauka ta juya wa kanta, ashe ba harsashi. A duka biyun nan an ɗauke nauyin hukunci daga kan Bouc an ɗora wa Poirot. Wannan ba Poirot ɗin 1934 ba ne, ko da kuwa ya fi taɓa zuciya.

Mataki na shida: gwada da wanda bai san labarin ba

Kai ka riga ka san amsa, idonka ya gurɓata. Samo ƙaninka ko matarka ko wani aboki da bai taɓa jin labarin ba, ku zauna. Daidai lokacin da Poirot ya tara mutane, tsayar da fim ɗin ka tambaye shi wa yake zargi kuma da wace hujja. Ba sai ya canka daidai ba. Abin da kake nema shi ne ko yana da kayan aiki a hannu. In bayan bayani ya dafe kai ya ce kash, ai na ga wannan, fim ɗin ya yi adalci. In ya ce to ni ta ina zan sani, an cuce shi. Mutum ɗaya fim ɗaya, don wanda ya ga na farko ya tashi daga baƙo.

Mataki na bakwai: nemi dalili kafin ka yanke hukunci

Ruwa ba ya tsami banza. Fim ɗin Lumet ya haura awa biyu, na Suchet kusan minti 90 ne, dole wani ya rasa kujera. Wani lokacin kuma marubucin ne da kansa ya buɗe ƙofar. A littafin And Then There Were None na 1939, mutum goma aka tara a tsibiri kuma babu wanda ya fita da rai. Fim ɗin René Clair na 1945 ya bar biyu sun tsira suna soyayya. Kafin ka ce ya ci amana, ka sani Christie ce da hannunta ta sa wannan sassaucin a wasan dandali na 1943. Fim ɗin Tarayyar Sobiyet na 1987 shi ne ya koma wa ƙarshen littafi mai ɗaci. Masu son finafinan Indiya kuma sun san Gumnaam na 1965, wanda ya ɗauki ƙashin labarin ya lulluɓe shi da waƙa da rawa da barkwanci. Irin wannan ba a ma sa shi a sikeli ɗaya da sauran, don bai yi alkawarin bin littafi ba.

Mataki na takwas: rubuta hukunci uku, ba ɗaya ba

Kada ka ba fim maki guda. Rubuta jimla ɗaya a kan riga, ɗaya a kan ƙashi, ɗaya a kan zuciya, sannan can gefe ka faɗi ko ya yi maka daɗi, don daɗi daban amana daban. A nawa littafin, na 1974 ya sauya riga kaɗan, ya riƙe ƙashi, ya riƙe zuciya. Na 2010 ya fi kowanne kama da Poirot a tafiya da murya, amma ya karya ƙashi ɗaya ya dasa wata zuciyar. Na 2017 ya fi su kyan hoto, ya kuma fi su nisa da littafin. Duk da haka na Suchet nake yawan komawa in sake kallo, kuma ba na jin kunyar faɗa.

In ka gama da wannan kana son na biyu, ɗauki The Hound of the Baskervilles na 1902, labarin Sherlock Holmes a kan wani kare mai ban tsoro, wanda ake samu kyauta a shafin Project Gutenberg, ka haɗa shi da fim ɗin Rathbone na 1939, da na Peter Cushing na 1959, da na Jeremy Brett na 1988. Abu uku za ka sa wa ido: tsawon lokacin da aka yarda Holmes ya ɓace aka bar Watson shi kaɗai a daji kamar yadda littafi ya yi, ko an bar sinadarin nan mai ƙyalli da aka shafa wa karen, da kuma matar da ke gidan Stapleton, maƙwabcin iyalin Baskerville. A littafi matarsa ce yake kira ƙanwarsa, kuma kan wannan ƙaryar rabin dabarar ta rataya. Fim ɗin 1959 ya mayar da ita 'yarsa.